Yadda mai jinya za ta kula da kanta a lokacin annoba

A lokacin da ake zaune ƙalau, ciwo a gidan Bahaushe na kowa ne. Maƙwabciya ta aiko da kunu, gwaggo ta zo ta kwana biyu, abokan maigida su shigo dubiya bayan la'asar, in za su tashi su tura ɗan abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin matashi. Annoba kuwa idan ta shigo, wannan taimakon take fara yankewa. Mutanen Kaduna sun ga haka da idonsu a 2020. Ranar 26 ga Maris gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana, bayan kwana biyu gwamnan lokacin, Malam Nasiru El-Rufai, ya sanar cewa gwaji ya nuna shi ma yana ɗauke da korona. Aka rufe kasuwanni da masallatai da coci-coci, azumi da ƙaramar sallar shekarar duk a kulle aka yi su, sai cikin watan Yuni aka sassauta. Duk gidan da ke da marar lafiya a watannin nan, ko na korona ko tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun tuni, nauyin ya tattaru ne a kan mutum ɗaya.

Korona ta lafa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire ta daga matsayin gaggawa a watan Mayun 2023. Amma an yi fama da kwalara a Arewa a 2021, mashaƙo ya ɓulla a Kafanchan a 2023, sanƙarau da zazzaɓin Lassa kuma rani suke bi kusan kowace shekara. Saboda haka har yau mai jinya tana buƙatar shiri.

Da "ke" zan yi magana, domin a yawancin gidajenmu mace ce ke tsaye kan marar lafiya: matarsa, 'yarsa, ko matar ɗansa. Namijin da jinya ta faɗo wa, maganar ta shafe shi daidai wa daida.

Mataki na farko: ki raba aikin tun kafin ki gaji

Ma'aikatan lafiya suna cewa idan cutar mai yaɗuwa ce, mutum ɗaya ya riƙa shiga ɗakin marar lafiya, kuma kada ya kasance tsoho, ko mai juna biyu, ko mai ciwon suga, asma, ciwon zuciya da makamantansu. Shawara ce mai kyau. Matsalar ita ce yadda dangi ke fahimtarta: tunda wance ce ke shiga ɗakin, sai a sakar mata komai. Alhali shiga ɗaki ɓangare ɗaya ne na jinya. Akwai girki, akwai wankin sauran mutanen gida, ɗiban ruwa, cefane, sayo magani, kula da yara, neman kuɗi, da amsa wayar masu tambayar jiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a kusanci marar lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ki samu takarda ki rubuta ayyukan nan ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowanne ki sa sunan wanda zai iya ɗauka. Sannan ki kira su. A nan ne yawancin mata ke tsayawa, saboda kara da gudun a ce sun gaza. Mutane kuwa sukan ce "in akwai abin da ake buƙata a faɗa mana", kuma da gaske suke, sai dai ba su san me za su yi ba. Kada ki amsa da "ba komai, mun gode". Ki ambaci abu ɗaya, da ranarsa:

"Yaya, don Allah akwai abin da zan roƙe ka. Maganin hawan jinin Baba zai ƙare ranar Alhamis. Ka saya ka aiko yaro ya ajiye a zaure, ba sai ya shigo ba."

"Anti, ki taimaka min da tuwon dare Litinin da Laraba. A ajiye kwanon a bakin ƙofa, ni zan ɗauka."

Roƙo irin wannan da wuya a ƙi shi, domin yana da iyaka, mutum ya san inda ya fara da inda ya ƙare. 'Yan'uwan da ke Abuja ko Legas ko ƙasar waje, nasu rabon kuɗi ne da katin waya. A tsayar da abin da kowa zai riƙa turowa a wata, a kuma naɗa mutum ɗaya ya riƙe lissafi, wanda ba ke ba. Rigimar kuɗin magani tana raba zumunci fiye da ciwon kansa, kuma bai kamata wadda ta kwana a zaune ta wayi gari tana bayanin inda naira dubu biyar ta shiga ba.

Haka nan a naɗa mai ba da labari. A buɗe zauren WhatsApp na dangi, ke ki aika wa mutum ɗaya saƙon murya sau ɗaya a rana, shi ya sanar da sauran. Amsa "ya mai jiki?" sau talatin a wuni aiki ne mai cin rai, musamman ranar da jikin ba daɗi.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, wanda aka fi mantawa: wa zai karɓe ki idan ke ma kika kwanta? A ambaci sunansa tun yau, a nuna masa inda magunguna suke.

Mataki na biyu: ki rage tsoro da shiri

Rabin damuwar mai jinya tsoro ne, na kada ta kamu ta sa wa 'ya'yanta, da na kada jiki ya rikice cikin dare ta rasa yadda za ta yi. Dukansu biyun shiri na rage su.

Idan cutar numfashi ce, marar lafiya ya samu ɗakinsa in da hali. In ciki da falo ne a gidan haya, a ba shi cikin, a bar taga a buɗe ko da hunturu ne, a ƙara masa bargo. Ki sa takunkumi duk lokacin da za ki shiga, shi ma ya sa in zai iya, in ba taɓa shi za ki yi ba ki bar tazarar aƙalla mita ɗaya. Kwanonsa, kofinsa, cokalinsa da butarsa su zama nasa shi kaɗai. Ki ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofar, ki wanke hannu na kamar daƙiƙa 20 duk fitowa. Ki ware zani da hijabi ɗaya na shiga ɗakin. Idan amai da gudawa ne, hankalinki ya koma kan ruwan sha, bayan gida da hannu: a tafasa ruwa, a wanke fo da masai da ruwan bilic irin su Hypo yadda aka rubuta a jikinsa, a dama garin ORS, wato haɗin gishiri da suga na masu gudawa, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ana ba shi kaɗan-kaɗan har a isa asibiti. Kwalara tana iya ƙarar da ruwan jikin mutum cikin sa'o'i. Ita da mashaƙo da sanƙarau da zazzaɓin Lassa ba a jinyarsu a gida, asibiti ake kai su da gaggawa.

Ki samu littafi irin na 'yan makaranta. Kowace rana ki rubuta lokacin da ya sha kowane magani, zafin jikinsa, abin da ya ci. Kan da bai yi barci ba mantuwa gare shi, kuma "na ba shi na rana ko ban ba shi ba?" tambaya ce da ke tayar da hankali a banza. A bangon littafin ki rubuta lambar ma'aikacin lafiyar da kuka saba da shi, lambar maƙwabci mai mota ko mai Keke Napep da ya yarda a tashe shi cikin dare, lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato 6232, da lambar gaggawa 112. Ku yanke shawarar asibitin da za a nufa tun ana lafiya: a Kaduna, na Tudun Wada da kewaye asibitin Yusuf Dantsoho ya fi musu kusa, na Kakuri da kudancin gari Gwamna Awan, ga Barau Dikko a tsakiyar gari, na ɓangaren Zariya kuma Shika.

Alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu: numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji mai tsanani, ruɗewa ko sambatu, kasa farkawa, jijjiga, ko amai da gudawar da ba sa tsayawa. Idan kuna da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, lamba ta sauka 90 ko ƙasa da haka, a tafi nan take. Sanin wannan iyakar yana ba ki damar kwanciya, tunda kin san abin da ke na tashin hankali da wanda ba shi ba.

Mataki na uku: barci

A nan nake so in daɗe, domin duk sauran matakan a kan wannan suke tsaye. Babban mutum yana buƙatar barcin aƙalla awa bakwai. Mai jinya takan samu uku ko huɗu, su ma a gutsuttsure. Ƙarfe biyun dare an ɗauke wuta, ga zafin watan Afrilu, tana riƙe da fitilar waya a baki tana juya tsohuwa don a canja zanin da ya jiƙe. Ta kwanta ke nan tari ya sake tashe ta. Kafin ido ya rufu an kira assalatu, yara kuma na jiran koko. Mako biyu a haka, hannu ya fara rawa, magana kaɗan ta sa kuka, a zuba maganin safe a na dare. Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin haƙuri ba. Jiki ne ya kai maƙura.

Abin yi shi ne a nema miki barci mai haɗe, awa huɗu ko biyar ba yankewa, sannan a cike da na rana. In cutar ba mai yaɗuwa ba ce, a raba dare biyu: wani ya riƙe daga bayan isha'i zuwa ƙarfe ɗaya, ke ki karɓa zuwa asuba. In mai yaɗuwa ce, mai gadin ya zauna a waje kusa da taga yana saurare, kada ya tashe ki sai da dalili. A ba marar lafiya abin da zai buga, ko cokali da kofin silba ne, don ki daina kwana da kunne ɗaya a buɗe. Wanda ba ya iya motsi da kansa ana juya shi kamar duk awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, wannan kaɗai ya isa hujjar cewa mutum ɗaya ba zai iya riƙe dare da rana ba.

Da rana, idan ya samu barci ke ma ki kwanta. Wanke-wanke zai jira. Ƙailula tsakanin azahar da la'asar, ko ta rabin awa ce, tana gyara wuni. Goro, shayi mai kauri da Nescafe ki tsayar da su daga la'asar, domin sinadarin da ke cikinsu yana daɗewa sa'o'i a jiki.

Ina roƙonki da babbar murya: kada ki aika kemis a sayo miki ƙwayar barci ko tiramadol don ki iya jurewa. Irin su diazepam suna kama mutum cikin 'yan makonni, kuma suna sa nauyin barcin da ba za ki ji kiran marar lafiya ba. Maganin tari mai kodin kuwa, gwamnatin tarayya ta hana shi tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi, har a cikin matan aure. In barci ya ƙi zuwa ko da kin samu dama, likita za ki gaya wa.

Mataki na huɗu: cikinki da bayanki

Ki ci abinci a zaune, a kwanonki, kafin ki ba marar lafiya nasa in zai yiwu, domin bayan kin gama lallashinsa ya ci sau da yawa sha'awar abincin ta tafi. Ba sai mai tsada ba: wake, ƙwai, gyaɗa, zogale, fura da nono, lemo ko kankana in lokacinsu ne. Ki ajiye gorar ruwa inda idonki zai riƙa ganinta. In kina shan maganin hawan jini ko na suga, ki rubuta naki a littafin nan tare da nasa. In jinyar ta faɗo cikin azumi kuma kina jin jiri ko kina neman faɗuwa, ki tambayi malami hukuncin halin da kike ciki, kada ki yanke wa kanki mafi tsanani.

Wajen ɗaga marar lafiya, ki matso da shi jikinki, ki lanƙwasa gwiwa, bayanki a miƙe, kada ki murɗa ƙugu da nauyi a hannu. A shimfiɗa zani mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama gefe-gefe su ja. Ciwon bayan da ake samu a jinya yakan zauna shekaru bayan mai ciwon ya warke.

Mataki na biyar: waya

A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka yi, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Irin wannan saƙon bai daina yawo ba. Ki zaɓi kafa ɗaya ko biyu da kika yarda da su, kamar Rediyon Tarayya na Kaduna ko sanarwar ma'aikatar lafiya ta jiha, ki saurara sau ɗaya da safe, shi ke nan. Ƙidayar mamata da hotunan gawa ba za su ƙara miki komai a jinyarki ba. Duk haɗin da aka turo, ki tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya shiga bakin marar lafiya, musamman mai ciwon ƙoda ko hanta.

Wayar dai ita ce kuma ƙafarki yanzu. An ce zumunta a ƙafa take, to ranar da aka hana ƙafa fita sai murya ta je. Ki ware mutum ɗaya, ƙawa ko 'yar'uwa, wadda za ki kira ku yi hirar da ba ta ciwo ba, ku yi dariya in ta zo.

Mataki na shida: abin da ke cikin zuciya

Akwai abin da masu jinya ba sa faɗa. Wata rana za ki ji haushin marar lafiyan kansa, ya tofar da maganin da aka sha wuya aka saya, ko ya yi miki faɗa a gaban yara bayan kin kwana kansa. Za ki ji haushin dangin da ke kira daga nesa suna gyara miki aiki. Wataƙila ma zuciya ta raya miki "yaushe wannan zai ƙare?", sai kuma ki ji kamar kin yi babban zunubi, musamman in mahaifi ne ko mahaifiya. Kusan duk wanda ya yi doguwar jinya ya san wannan. Gajiya ce ke magana, ƙaunar tana nan inda take.

Idan kika ji abin ya taso, ki tabbatar marar lafiya ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida. Ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake ta a hankali ta baki kina ƙirga shida, kamar sau goma. Tsawaita fitar numfashi yana rage gudun zuciya. Ki wanke fuska ko ki yi alwala, sannan ki koma. Kullum ki nemi minti goma sha biyar da ba na kowa ba sai naki, ki zauna a rana da hantsi, ko ki zagaya tsakar gida, ko ki sa a yi miki kitso in akwai mai yi a gidan.

Ibada tana riƙe mutum a irin wannan hali, sallah a kan lokaci, zikiri, sauraren karatu, ga 'yan'uwa Kirista kuma addu'a da waƙoƙin yabo. Sai dai kada a mayar da haƙuri sandar dukan mai jinya. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, wanda ke azumi kullum yana kwana sallah, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa. In an faɗi haka a kan nafila, to wadda ta nemi a karɓe ta ta yi barci ba ta yi laifi ba.

Yara suna lura da komai. Ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: "Kaka ba ta da lafiya, ana ba ta magani, shi ya sa ba ku shiga." Ki ba su ɗan aiki, kamar cika buta ko gaishe ta ta taga. Maƙwabtan da suka janye 'ya'yansu ko suka daina amsa sallama da sakin fuska, tsoro ne ya sa su, kada ki ɗora wannan a kan kayan da kike ɗauke da su.

Mataki na bakwai: lokacin da ke ma kike buƙatar likita

Gajiyar jinya takan sauka in an huta. Wadda ba ta sauka ita ce abin lura. Idan kika kai mako biyu kusan kullum cikin baƙin ciki, ba abin da ke miki daɗi, abinci ya fita ranki, barci ya ƙi ko ya yi yawa, gabanki na faɗuwa ba dalili, ko kina jin ba ki da amfani, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Ki fara da asibitin da ya fi kusa, a auna jininki, ki faɗi abin da kike ji ba tare da ragewa ba. A Barnawa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, kuma ba masu taɓin hankali kaɗai yake karɓa ba. Ana ganin masu rashin barci, fargaba da damuwa su karɓi magani ko shawara su koma gida a ranar. In ana yi miki ruƙiyya ko addu'a, a ci gaba, a haɗa da zuwa asibitin.

Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, ko kika ji hannunki na neman dukan marar lafiya, a ranar za ki gaya wa wani babba da kika amince da shi, a karɓe ki, a kai ki ga likita. Wannan ba ya jiran mako biyu.

Maigida da sauran mazan gida, ku ne za ku fara ganin alamun nan kafin ita. "Sannu da ƙoƙari" tana da daɗin ji, amma ku haɗa ta da ɗaukar bokiti da riƙe dare ɗaya.

Bayan jinya ta ƙare

Ko an samu sauƙi ko an yi rashi, jikin mai jinya yakan saki ne bayan komai ya wuce, sai a ga zazzaɓi, ciwon kai da kuka sun taso lokacin da kowa ke ganin an huta. In rasuwa aka yi a lokacin da aka taƙaita jana'iza da zaman makoki, zafin yakan ninka, domin ba a samu taron da ke rage shi ba, kuma "da na kai shi asibiti da wuri" takan dinga dawowa. Ki samu wanda ya san yadda aka yi jinyar ku zauna ku yi maganar, ko likitan da ya duba shi ya bayyana miki yadda ciwon yake. In cutar mai yaɗuwa ce, ki cika kwanakin killacewar da ma'aikatan lafiya suka ce kafin ki shiga mutane, ki karɓi rigakafi in akwai. Sannan dangi su ba ki mako guda ba girki ba wanki, in da hali ki je gidanku ki yi shi, a cikin makon kuma ki je a auna miki hawan jini da suga, a duba bayan nan da ke miki ciwo.